Fulas ɗin Rafkat

Lahadi, 18 ga Disamba

Na kawo Fulas gida. Da ransa.

A tasi muka taho tun daga unguwar Chilonzor, nan Tashkent, shi a kan cinyata, ƙaramin batir tsakanin ƙafafuna, yatsana a kan waya don kada ta zame. Direban sai kallona yake ta madubi. Da ya faɗa wani rami na yi masa tsawa, ya ce, "Aka," wato yaya, "jariri ne a ciki?" Na ce masa jariri in ya ji ba daɗi ya yi kuka, wannan ko kukan ba zai yi ba, ya dai bi a hankali.

Wata guda ke nan da ɓarin jikin abokina Rafkat ya shanye. Hannun dama ya tafi, baki ya karkace. 'Yarsa Alfiya ta mayar da shi gidanta, nasa gidan kuma za a zuba 'yan haya. Duk tarkacensa ana iya kashewa a tura a kwali, ban da wannan. Tun shekarar da aka rufe masana'antarmu ta kayan awo ya kunna shi, bai taɓa bari wutarsa ta ɗauke ba. Shekara ashirin da ɗoriya. Ko ranar jana'izar matarsa sai da ya leƙa ya duba batir.

Surukata Shahlo, matar ɗana Doniyor, ita ce ta buɗe min ƙofa, da cikinta haihuwa yau ko gobe. Ta ce, "Dadajon," haka take ce min, wato baba, "shayi aka ba ku guzuri?" Ban ga laifinta ba, fulas ɗin shayi ne aka soka wa wayoyi. Na zaunar da ita na yi mata bayani. A ciki akwai ɗan dutsen kwaz, bai kai farce ba, in an ba shi wuta yana kaɗawa sau miliyan goma a daƙiƙa. Da irinsa ake saita agogo da rediyo. Sai dai zafi da sanyi na sauya masa bugu, shi ya sa ake gina masa ɗan murhu da zai riƙe shi a ɗumi ɗaya dare da rana. Yana daɗewa a kunne yana ƙara natsuwa. In ya huce sau ɗaya, ko an sake kunnawa ba zai dawo daidai inda yake ba, shekarun nan sun tafi a banza. Ta saurara har ƙarshe, Allah ya yi mata albarka. Matata Sayyora kuwa, da muka kusa shekara arba'in da aure, tun a "miliyan" ta koma kicin.

Musunmu da Rafkat tsoho ne. Shi ya ce murhu biyu, ɗaya a cikin ɗaya, a cusa su a fulas. Ni na ce almubazzaranci ne, murhu ɗaya mai kyau ya isa, na kuma gina nawa a akwatin alminiyum. Mun tsufa muna wannan gardama ba mu taɓa aunawa ba, don bai yarda a fitar da nasa daga ɗaki ba. Jiya da na je duba shi ya kama rigata da hannun hagu. Sai da ya maimaita na gane. "Ɗauka. Auna. Zafi, sanyi. Kada ya mutu."

Na ce ba zai mutu a hannuna ba. A gaban Alfiya na faɗa, da ƙarfi. Alkawari kaya ne.

Talata, 20 ga Disamba

Na gama haɗa komai a ɗakin aikina na ƙarshen tsakar gida. Fulas da Akwati gefe da gefe a cikin tsohon firjin da ya daina aiki, da kwan fitila don ɗumama cikin, da ma'aunin zafi. Na'urar ƙirge tana gwada bugun kowannensu da na tauraron ɗan'adam, eriya na kan rufi, kwamfuta na ja musu layi biyu. Wanda layinsa ya fi miƙewa in zafi ya hau ya sauka, shi ya ci. Duka na ɗora su a kan babban batirin mota saboda ɗauke wuta.

Na shiga wanka, na fito na tarar da Sayyora ta buɗe firjin tana zagaye Fulas da hayaƙin isirik, ganyen korar mugun abu, a kasko. Wai kaya daga gidan majinyaci, ga mai ciki a gida.

"Baban Doniyor, ba da kai nake ba, da abin nake."

Na ce awon yini guda ta ƙona min. Ta ce yini nawa ni na ƙona mata, ta taɓa ƙirgawa?

Abin da ban faɗa mata ba: layin Akwatina ne kawai ya yi tsalle. Na Rafkat ko gezau.

Asabar, 24 ga Disamba

Shahlo ta sauka lafiya. Mace. Doniyor ya kira daga Koriya yana kuka, ƙato da shi. Ba zai samu hutu ba sai bazara.

Na ji daɗi, ba na musu. Sai dai ban san abin da ake yi da jarirai ba. Lokacin da aka haifi Doniyor ina masana'anta, da na waiwayo ya fara tafiya.

Laraba, 28 ga Disamba

An dawo da su daga asibiti. Iroda aka sa mata. 'Yar mitsitsiya, ba ta cika nauyi ba, likita ta ce a kula da ɗumi sosai. Daga bakin ƙofa na leƙa. An miƙo min ita na ce hannuna da mai.

Sayyora ta kafa dokokin arba'in kamar ita ta ƙirƙiro su. Ba a barin maijego ita kaɗai. Baƙo ba ya shiga bayan magariba. Wanda ya dawo daga gidan ciwo ko gidan mutuwa ba ya shiga kai tsaye. Wuƙa da gurasa a ƙarƙashin matashi. Fitilar ɗakin kuma ba a kashe ta, dare da rana, sai an yi arba'in.

Da la'asar aka ɗauke wuta. Sai ga ta a ƙofar ɗakin aikina, ko mayafi ba ta tsaya ɗauka ba.

"Ja min waya ɗaya daga batirinka zuwa ɗakin yarinyar nan."

Na ce batirin na da aikinsa, kuma rana ba ta faɗi ba, wane duhu ake tsoro? Na ce canfi ne. Kalmar ta fita kafin in kama ta.

Ta dube ni, ta dubi firjin. "Mutum ya shekara ashirin yana gadin fulas kada ya huce, wannan ilimi ne. Ni kwana arba'in kawai na nema, nawa canfi."

Na ba ta kyandir. Ba a jima ba wuta ta dawo. Da muka zauna cin abinci ta cika min kofin shayi fal har baki, yadda ake yi wa baƙon da ake so ya tashi.

Litinin, 2 ga Janairu

Ɓangaren zafi ya kammala. Na hau da su a hankali har digiri arba'in da biyar, na bar su a can, na dawo da su.

Akwatina ba laifi. Ya karkata kaɗan, ya dawo. A masana'anta da an buga masa hatimi an wuce. Amma layin Fulas sai da na ƙara girmansa a kwamfuta har sau uku kafin in ga yana motsi ma. Na zauna ina kallonsa ina jin haushi, haushi na gaske, irin na yara. Tsoho da ni.

Wataƙila na'urar ƙirgen ce. Zan sauya musu wayoyi in sake.

Laraba, 4 ga Janairu

Na sake. Haka dai.

Alhamis, 5 ga Janairu

Na je wurin Rafkat. Alfiya ta sa shi a ɗakin da ke kallon titi, ya rame, an aske masa gashin bakin nan da yake taƙama da shi. Na ce wa ya yi maka wannan ta'asa, ka koma kamar ɗan firamare? Rabin bakinsa ya yi dariya.

Bai tsaya gaisuwa ba. Ya ɗaga hannun hagu ya ja layi a iska, ya tsare ni da ido.

Na ce ana kai. Na ce yana nan da ransa, yana ci yana sha. Na ce ɓangaren zafi ba laifi. "Ba laifi" na ce, Allah ya gani. Kalmar da ta dace tana bakina na haɗiye ta da shayi.

Ya ce, "Sanyi." Ya buɗe yatsunsa ya rufe sau huɗu. Ashirin ƙasa da sifili, yadda muke yi a masana'anta: a sauka can, a tsaya yini da kwana, a dawo a ga ko ya koma inda ya taso. Na ce ina zan samo maka wannan sanyi a Tashkent, tsoho? Firizar Sayyora cike take da naman suna, in na taɓa ta sai dai ka matsa min a gadon nan. Ya sake cewa, "Sanyi."

Alfiya ta rako ni har bakin matakala. Ta ce, "Hikmat amaki," wato baffa Hikmat, haka take kirana, "ku yi sauri da abin nan. Ba ya cin abinci. Likita ya ce zuciyar ma..." Ba ta ƙarasa ba, ni ma ban tambaya ba.

Da na dawo Sayyora ta tare ni a zaure da kaskonta, ta sa na wanke hannu na zauna a kicin. Ba ta san ba ni da niyyar shiga ɗakin ba dama.

Talata, 10 ga Janairu

Dusar ƙanƙara tun asuba. Rediyo ta ce sanyin da ke tafe ba a ga irinsa ba tun muna matasa. Na kashe kwan fitilar firjin, na buɗe ƙofarsa, na buɗe tagar ɗakin aikin duka. Abin nema ya samu.

Juma'a, 13 ga Janairu

Sha bakwai ƙasa da sifili da safe. Akwatina ya sare, murhunsa ya kasa, layinsa ya gangara kamar wanda aka tura daga tudu. Na kashe shi, ba amfanin azabtar da shi. Fulas na nan a miƙe. Ina sanye da riga uku da hular kunne ina kallonsa, ina ta cewa kai, Rafkat, kai.

Gas ya yi rauni. Wutar murhun kicin ba ta fi tsawon farce ba, ruwan shayi sai an yi ta jira. Tukunyar ɗumama gida tana ci da ƙyar. Sayyora ta rufe duk ɗakuna ta bar na maijego, ta toshe tagogi da barguna, ita ma ta koma can da kwana. Famfon tsakar gida ya daskare. A layin gurasa mutane sai zagi suke, ba a san wa ake zagi ba.

Na shiga kicin ina murza hannu, na ce in aka yi sa'a jibi za a kai ashirin. Sayyora ta ajiye ludayi. "A duk birnin nan kai kaɗai ke roƙon Allah ya ƙara."

Ba roƙo nake ba. Amma ban iya cewa ƙarya take ba.

Na ba Shahlo ƙaramin ma'aunin zafina ta rataye kusa da yarinyar. Sha bakwai a ɗakin. Kaɗan ne ga mai nauyinta.

Lahadi, 15 ga Janairu

Ya kai ashirin. Na fara ƙirga yini da kwana. Gobe da azahar in rufe taga in fara dawo da shi, jibi in kai wa Rafkat takardarsa.

Litinin, 16 ga Janairu

Ban san ta inda zan fara ba.

Tun kafin gari ya waye aka ɗauke wuta, unguwar duka. Maƙwabcinmu ya ce babbar na'urar layinmu ce ta ƙone, ba yau ba, wataƙila ba gobe ba. Ni da farko ko a jikina, kayana na kan batir. Na manta, ko na ƙi tunawa, cewa tukunyar ɗumama gida ko da gas ba ta aiki sai famfonta ya samu wuta.

Da hantsi Shahlo ta ƙwanƙwasa ƙofar ɗakin aikina. Ita da ba ta isa ta taka tsakar gida ba kafin arba'in, ga ta a cikin ƙanƙara da silifas. Ba ta ce komai a kan batir ba. Ma'aunin zafina ta miƙo min. Goma sha ɗaya.

"Dadajon, ba ta kama nono. Ba ta ma kuka."

Na bi ta. Karo na farko da na shiga ɗakin. Kyandir na ci a kan taga, ya kusa ƙarewa. Sayyora ta cusa yarinyar a cikin rigarta, fata da fata, ta lulluɓa da bargo biyu. Na taɓa ƙafar da ta leƙo. Sanyi. Na tambayi motar asibiti, an kira tun ɗazu, an ce a jira, hanyoyi sun toshe, asibitin ma a kan janareta yake. Garwashi kuwa likita ta hana a rufaffen ɗaki. Sayyora ba ta dube ni ba. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Na koma na tsaya a gaban firjin. Saura kaɗan azahar. Layin a miƙe, kyakkyawa, ban taɓa ganin abu mai kyau irinsa ba a duk aikina. Na kashe kwamfuta da na'urar ƙirge. Awo ya mutu a nan. Na ce ba komai, awo ana sakewa, ran Fulas ne alkawari. Na nemi ƙaramin batirin da na kawo shi da shi, ashe na bar shi a ƙasan tebur, sanyi ya kashe shi murus. To. Na rungumi Fulas da hannu ɗaya, na ja babban batirin a kan tabarma har kicin, wayarsu a haɗe. Na jona famfon. Tukunyar ta kama, na ji ruwa ya fara zagayawa a bututu.

Sai na zauna na yi lissafi, don ban san yin komai ba sai shi. Batirin tsoho ne. In na kunna famfo na ɗan lokaci in kashe, in sake kunnawa, zai iya kai mu gobe da safe. Da Fulas a kai ba zai kai ba. Murhu biyun nan da na shekara ashirin ina cewa almubazzaranci ne, kashi ɗaya cikin uku na batirin za su cinye. Na sake lissafin ta wata hanya. Na sake. Na nemi inda zan yi wa kaina ƙarya ban samu ba.

Na tuna direban tasin nan da tambayarsa.

Ɗan maƙalli ne ja, yatsa biyu suka ishe shi. Ba ƙara, ba komai. Na riƙe fulas ɗin a ƙirjina, ɗumin na fita a hankali, ya daɗe, don Rafkat ya iya gini. Har la'asar da sauran ɗumi a bakinsa.

Kafin in zauna na ja siririyar waya zuwa ɗakin na haɗa ƙaramin kwan fitila, don kyandir ya ƙare. Ba wanda ya roƙe ni. Ba ya cin komai.

Da magariba ɗakin ya kai sha tara. Iroda ta tsala kuka, Shahlo ma ta fashe da nata. Sayyora ta kawo min shayi kicin, ɗan kaɗan a gindin kofi, yadda ake yi wa wanda ake so ya zauna, ta tsaya ta ƙara min. Ta ga Fulas a kan tebur ba waya. Ta koma ɗakin maijego.

Talata, 17 ga Janairu

Batirin ya kai. Wuta ta dawo da hantsi. Motar asibiti ta zo bayanta, an duba yarinya an ce lafiya.

Ban kunna shi ba.

Alhamis, 19 ga Janairu

Alfiya ta kira sau biyu. Na ce hanya ba kyau.

Asabar, 21 ga Janairu

Na je. A bas na shirya ƙarya tsaf. Wa zai sani? Ba zai taso ya zo ya taɓa ba. Na buga layin a takarda har inda ya tsaya, na ce in ninke ƙarshen in riƙe da yatsa.

Ya ƙara ramewa. Idon ne kawai nasa. Na zauna na buɗe takardar a kan bargonsa, na ce, "Naka ya fi nawa. Ba kusa ba ma. Nawa ya sare tun a sha bakwai, naka ko a jikinsa. Murhu biyu, Rafkat. Kai ne da gaskiya, ni ne jaki." Shekara ashirin, ga shi ya fita cikin numfashi ɗaya, bai ma yi zafin da na zata ba.

Ya bi layin da yatsan hagu a hankali, har ya zo kan yatsana. Ya ture shi. Mutumin da ba ya iya ɗaga cokali. Ya buɗe ninkin, ya ga inda layin ya yanke, farar takarda bayansa.

Ya dube ni.

Ƙaryar ta gudu ta bar ni. Na faɗa masa duka: wutar, famfon, ƙafar yarinyar, lissafin. Na ce da hannuna na cire. Na ce ba tsautsayi ba ne.

Can ya ce, "Yarinya?"

Na ce tana nan, tana tsotso, ta fara ƙiba.

Ya lumshe ido, kamar ya gyaɗa kai, ban tabbata ba. Na ce amma ai an ga abin da ake nema, ka ci, kowa ya ga takardar nan ya san ka ci. Sai ya tura min ita da bayan hannu. Maganar ta fito sarai, ban ji ya yi magana sarai haka ba tun da ya kwanta.

"Ba a dawo ba. Ba awo ba ne."

Ya juya fuska bango. Na zauna har Alfiya ta kawo shayi ya huce. Na yi masa sallama bai juyo ba, wataƙila barci ne ya ɗauke shi.

Gaskiyarsa. Da ni ne haka zan ce. Da wani ya kawo mana irin wannan takarda a masana'anta, da mu biyun mun kore shi.

Laraba, 25 ga Janairu

Sanyi ya sake. Rufi sai zuba yake. Ko na kunna yau, sai ya yi watanni kafin ya natsu, kuma ba shi ne zai dawo ba, wani ne mai kama da shi. Sanyin ashirin kuma sai wata shekarar, in ma za a sake.

Alhamis, 26 ga Janairu

Rafkat ya rasu da safe. Allah ya jiƙansa.

Asabar, 28 ga Janairu

An kai shi jiya bayan Juma'a. Ƙasa ta yi tauri, masu haƙa sun sha wuya. Na tambayi Alfiya ko ya ce wani abu a kaina, ko a kan abin. Ta yi tunani, yarinya mai gaskiya kamar ubanta, ta ce a'a, amaki, bai ƙara magana ba tun ranar. Ta ce in riƙe Fulas, ita ba ta san abin da za ta yi da shi ba.

To ni na sani?

Ban san ko ya yafe ba. Ban san ma ko yana ganin akwai abin yafewa ba. "Yarinya?" ya ce, sannan ya ce ba awo ba ne. Duka biyun nasa ne, kuma ba wanda zan tambaya wanne ya fi nauyi.

Sayyora ta ce kwana uku ba zan shiga ɗakin maijego ba, tunda daga maƙabarta nake. Na ce to. Sai na ji abin ya dame ni, ban san dalili ba. Na sa Shahlo ta riƙa faɗo min abin da ma'aunin ya nuna ta bayan ƙofa.

Alhamis, 2 ga Fabrairu

Arba'in. Gida cike da mata tun safe, dangin Shahlo sun kawo gadon jariri da gurasa tuli, an dafa shinkafa a babbar tukunya. An yi wa Iroda wankan gishiri, an yanke mata farce. Ni ina ɗakin aikina. Na share firjin, na naɗe wayoyi. Fulas na kan kanta, wani ya rufa masa ɗan kyalle mai ado, irin wanda ake rufa wa butar shayi. Ban tambayi ko wane ne ba.

Da baƙi suka watse Sayyora ta leƙo. "Baban Doniyor, an fita. Zo ka kwashe batirinka da wayarka, a kashe fitilar nan ta huta. Ka kunna abin abokinka."

Na je da sukundireba. Tun ranar nan kwan ke ci a kan batirin, na haɗa masa caja, ko an ɗauke wuta ba ya ƙiftawa. Shahlo na ninke kaya, ta ce, "Dadajon, ɗan riƙe min ita," ta ɗora min kafin in ce hannuna da mai. Ba nauyi. Ɗumi dai, ta ko'ina, har ta cikin riga. Idonta na kan fitilar. An ce jarirai ba sa gani sosai a wannan lokaci, ban sani ba.

Maƙallin ja ne, irin wancan. Na miƙa hannu na taɓa shi.

Na ce wa Sayyora haɗin ya fi yadda na zata wuya, sai na samu lokaci. Ta dubi maƙallin, ta dube ni, ta ce to, Injiniya.

Ashirin da uku a ɗakin. Fitilar na nan a kunne. Ba wai na yarda da komai ba ne. Ba ta cin komai, na yi lissafi.